Kwana 48 Da Ta Shirya Ni Da Maigida

Kada ku ɗauka kwanan barci nake nufi, kwanar hanya ce.

A watan Yuli na 2023 maigidana, wanda ke karatu a Italiya, ya ɗauko mana hayar wata mota mai ɗaki a ciki. Ga gado, ga murhun gas, ga ɗan banɗaki, kai ka ce ɗakin amarya aka ɗora wa taya. Niyyarmu mu haye dutsen Sitalbiyo, can arewacin ƙasar, mu sauka garin Bormiyo mai ruwan zafi.

Sai dai tun daren jiya muna gaba. Wata 'yar magana ce a kan kuɗin da zan aika gida, na ɗauki fushi, ko shayin safe ban haɗa masa ba.

Da muka wuce ƙauyen Tirafoyi hanya ta fara nuna halinta. Tun tsakanin 1820 da 1825 Turawan Ostiriya suka gina ta, lokacin keken doki, ga ta siririya. Ƙololuwarta ta kai mita 2,757, kuma ta wannan ɓangaren kwana 48 ce, kowacce da lambarta a gefe, ana ƙirgawa har a zo ta 1 a sama. Idan sanyi ya shigo rufe ta ake yi saboda ƙanƙara.

Ni kuwa na ɗaure fuska ina kallon taga, amma cikina sai ƙugi yake. Can sama muka iske wata kwana da motar ta kasa shanyewa gaba ɗaya saboda tsawonta. Dole sai an ja da baya, ga kwazazzabo a bayanmu, ɗan katangar dutse kaɗai ta raba mu da shi.

Ya ja burkin hannu, ya dube ni a hankali.

"Amarya, ba na ganin baya. Idonki nake buƙata."

Wallahi ban san lokacin da na dira ba. Iska na kaɗa mayafina, ƙafata na rawa, na tsaya inda zai hango ni ta madubi.

"Taho, Yallaɓai... kaɗan... tsaya!"

Ya tsaya cak. Sau biyu muka yi haka kafin hancin motar ya miƙe. Masu babura da suka jira mu har da ɗaga mana hannu.

A sama, muna kallon farar ƙanƙara a kan dutsen Otila, na kunna murhu na dafa shayin nan da na hana shi. Wajen gangarawa kuwa a ƙaramar giya ya bar motar, domin in aka danne burki ba hutu zafi yake ɗauka ya daina kamawa. Ni ma na ɗauki darasi a nan.

Maganar kuɗin? A Bormiyo muka gama ta cikin minti biyar. 'Yan uwa, fushi ba laifi ba ne, amma kada ya kai ranar da za a nemi muryarki a rasa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.