Abin da rajistar aji huɗu ta koya mini

Na koyar a firamaren gwamnati a wani ƙauye da mota ba ta shiga sai da rani. Duk ƙarshen shekara ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kan jera makarantu bisa sakamakon jarrabawa, mu kuwa kullum muna can ƙasa. A kira hedimasta a yi masa faɗa, ya dawo ya sauke a kanmu.

Dalilin faɗuwar tamu yana cikin rajistata, amma ba a taɓa neman ganinta ba. Da ruwan shuka ya sauka, yara maza sun tafi gona. Daga shuka sai noman farko, sai maimai, su dawo tafin hannu duk kanta. Ranar kasuwa 'yan mata ne ba sa zuwa, suna can da farantin gyaɗa a ka. Jarrabawar ƙarin aji kuma a watan Yuli ake yin ta, daidai lokacin da rumbu ya yi wayam, sabon gero bai nuna ba. Yaron da ya kwana da ruwan kunu a ciki, shi ake aunawa da ɗan ma'aikacin da ya karya da shayi da burodi.

Ban taɓa ganin laifin iyayen ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Amma iyayen su suka san kuɗin yunifom da littafin rubutu da na ƙungiyar iyaye da malamai (PTA).

Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016, ya iso mu da naira 70 kan kowane yaro, kuma aji ɗaya zuwa uku kaɗai. Da masu abinci sun sauke kuloli, idanun ajina sun koma taga. Wata yarinya da ta fi kowa lissafi ta tsaya bayan an tashi, ta ce, "Malam, don Allah a mayar da ni aji uku." Har yau maganar nan tana ci mini rai. Daga ranar na mayar da lissafi darasin farko, kafin yunwa ta taso, na kuma daina buɗe sabon babi ranar kasuwa.

Daga baya yarinyar ta ci jarrabawar shiga sakandare. Amma sakandare mafi kusa tana hedikwatar ƙaramar hukuma, babanta kuma ba shi da kuɗin mashin na kullum. Ba ta je ba.