Bagobirin da ya shiga Jos da 'yar jaka ɗaya

Kwana huɗu bayan Babbar Sallar 2007, da asuba, wani saurayi ɗan shekara 19 ya tsaya a tsakar gidansu a Sabon Birni yana shawarar jakar da zai ɗauka. Akwai babbar jakar bakko a ɗakin yayansa, akwai kuma akwatin ƙarfe da ya yi makarantar kwana da shi. Duka biyun bai taɓa su ba. Ya san Innarsa sarai: ta ga babbar jaka, ta gane tafiyar ba ta dawowa ba ce. Don haka sai ya saɓa 'yar baƙar jakar rataye, irin ta 'yan ƙwallo.

"Ina za ka da wagga 'yaj jikka?" inji Inna.

"Gusau ni ka zuwa, Inna, wurin Kawu. Kwana ukku."

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta shiga ɗaki ta ƙullo masa soyayyen naman layya a leda. "Allah shi kiyaye hanya," abin da ta ce ke nan.

To, mai karatu, ga abin da ke cikin jakar: shadda ɗaya mai aiki a wuya, wandon jins, riga mai gajeren hannu guda biyu, baƙin tabarau, kwalbar turare, hotuna shida da ya je har Isa aka ɗauke shi yana dafe da ƙeya kamar marigayi Ahmad S. Nuhu, sai littafin makaranta da ya cika da labarin fim ɗin da ya rubuta. Kuɗin ragonsa da ya sayar kafin Sallah, Naira dubu tara, suna aljihun ciki. Babu bargo, babu rigar sanyi, ko safa babu. Jos kuma zai je, a ƙarshen Disamba!

Kada a yi saurin yi masa dariya. Yaron ya san Jos, amma sanin gidan kallo. Shekara da shekaru yana biyan kuɗi ya zauna a benci, janareto na ƙara a waje, yana ganin 'yan wasa a kan manyan duwatsu da bakin ruwa suna rawa da waƙa, namiji da 'yar shara-sharar riga, mace gyale na tashi a iska. Duk wanda ya tambaya ina ne nan, sai a ce Jos. Abin da babu wanda ya gaya masa shi ne kyamara ba ta ɗaukar sanyi. Da darakta ya ce a yanke, da gudu jarumin nan yake komawa cikin jaket. Shi kuwa ya shirya kayansa ne daidai da abin da talbijin ta nuna masa. Kuma a ganinsa wane sanyi za a nuna wa mutumin Gobir, wanda ya saba da hunturun da ke kaɗowa daga Nijar?

Me ya sa ba Kano ba? Ai a lokacin Kano ba ta shiguwa. Tun watan Satumba na shekarar aka dakatar da ɗaukar finafinai a jihar, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ta sa wa 'yan fim ido, har wasu sun kwana a gidan yari. Furodusoshi da dama sun kwashe kayan aikinsu sun yi Kaduna da Jos. Ita Jos dama ba baƙuwar harkar ba ce. A nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan makarantar koyon aikin fim ta ƙasa take tun 1995, ga kwalejin talbijin ta NTA a Rayfield. Garin su Sani Mu'azu ne, kuma a jami'ar garin Ali Nuhu ya yi karatunsa. Duk wannan yaron ya haddace shi daga tsofaffin mujallu da ake kawowa daga Sakkwato.

A hanya kam 'yar jakar ta yi masa rana, wannan gaskiya ne. Daga Sabon Birni zuwa Isa, daga Isa zuwa Shinkafi, Ƙaura Namoda, har Gusau, babu ɗan kamashon da ya tare shi da maganar kuɗin kaya. Yana kallo ana cacar baki da masu buhunan albasa da daurin kaji, shi jakarsa na kan cinya. A Gusau ya wuce ta bakin unguwar Kawu bai ko waiwaya ba. Ya kwana a tashar Zariya, jakar ce matashinsa, igiyarta naɗe a hannu. Washegari mota ta ɗauki hanyar Pambeguwa da Saminaka, kuma daga Jengre sai ya ji motar tana nishi tana hawa, kunnuwansa na toshewa, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya. Fasinjoji suka fara zaro riguna masu kauri daga jakunkunansu. Shi da ya buɗe tasa, turare ya gani da tabarau.

Jos tana kan tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko wajen digiri 10. Sanyin Gobir na asuba ne, rana na ɗagawa ya kama gabansa. Na Jos tun la'asar yake sallama, ya bi mutum har ƙashi, ruwan alwala kamar an fasa ƙanƙara. A daren farko, a barandar wani shago kusa da tashar Bauchi Road, saurayin nan ya sa rigunansa biyu, ya ɗora shaddar a kai, ya cusa ƙafafunsa cikin jakar da ya zazzage. Shaddar da ya tanada don ranar da zai tsaya gaban darakta, ita ta zama bargo. Naman Inna ya ci har ya ƙare, yana ci yana hawaye, shi kansa bai san na sanyi ne ko na ƙaryar da ya yi mata ba.

Wanda ya cece shi wani dattijo ne Bayarabe mai shagon ɗaukar hoto, da ya zo buɗewa da safe ya tarar da mutum a ƙudundune. Yana ganin tsagen fuskarsa ya fashe da dariya.

"Kai, Bagobiri! Bawana ne ashe. Wa ya aiko ka Jos tsirara?"

Haƙoransa na kaɗawa, amma wasan Gobirawa da Yarbawa ba a barin sa ya faɗi ƙasa. "Baba, ai ubangidanka ne ya zo duba ka."

Dattijon ya ba shi shayi da wata tsohuwar suwaita mai huji a gwiwar hannu, ya kuma kwatanta masa kasuwar Katako, inda 'yan gwanjo suke. Abin da ya fara saya ke nan a garin 'yan fim: jaket, hular sanyi da safa ƙafa biyu. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Bagobiri yake ce masa.

Maganar zama jarumi kuwa ba ta da tsawo. A makarantar fim an gaya masa takardun da ake nema, ba shi da su. Wani da ya kira kansa furodusa ya karɓi Naira dubu uku da hotunansa shida da sunan rajista, bai sake ganinsa ba. Littafin labarin ya ba mutum uku, babu wanda ya wuce shafi na biyu. Da kuɗi suka ƙare, sai ya riƙa bin 'yan fim lokeshin yana jiran a ce a miƙo wani abu. Rannan za a hau dutse wajen Shere a ɗauki waƙa, yaron da ke ɗaukar ƙafar kyamara bai zo ba, aka waiwaya aka ce, "Bagobiri, kama nan." Wanda ya shigo gari ba kaya, sai ga shi da kayan mutum goma a ka: fitilu, wayoyi, farantin haska fuska, har da jaket ɗin jarumi da ake ba shi riƙo idan za a fara rawa. A nan ya ga da idonsa yadda leɓen 'yar wasa ke rawa don sanyi kafin a ce a fara, da an fara kuma ta saki murmushi kamar tana cikin bazara.

Aikin fitila ya kama shi, ya kuma iya. Sai bayan wata biyar ya yi ƙarfin halin aika wa Inna saƙo ta hannun wani direba, da atamfa ɗaya da ɗan buhun dankalin Turawa. Amsar da ta dawo gajeriya ce: tun ranar da ya fita ta san ba Gusau za shi ba, don mai zuwa kwana uku ba ya ɗaukar hotunansa.

Da rikici ya ɓarke a Jos ranar 28 ga Nuwamba, 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, da wannan jakar dai ya fice daga ɗakin da suke haya. Wasu abokan zamansa sun tsaya haɗa talbijin da katifa, da ƙyar suka sha. Ya yi wata biyu a gida, kowa na cewa ya dawo ke nan. Da gari ya lafa ya koma.

Shekaru sun ja. Kaset ya mutu, sidi ya bi shi, fim ya koma cikin waya da YouTube, Bagobiri ya yi aure a Jos yana nan da fitilunsa. Sai kuma hanyar da ya bi yana yaro ta zama abin tsoro. 'Yan bindiga suka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka tsallaka yankin Maraɗi, wasu suka yi Sakkwato. A watan Disamba na 2021 aka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Bayan wannan ne ya matsa wa yayansa lamba a waya, kullum, har Inna ta yarda ta taho. Ta Goronyo da Sakkwato aka zagaya da ita, kwana biyu a hanya.

Ya je tarbarta tun kafin magariba. Ta sauko daga mota a hankali, ta tsufa fiye da yadda yake zato, babu komai a hannunta sai ƙunshi ɗaya a cikin zane. Ya leƙa bayan mota yana neman sauran kayan, direba ya ce ai ke nan.

"Inna, ina kayanki?"

"Kwana nawa za ni yi? Da an samu lahiya gida ni ka komawa."

Bai ce komai ba. Iskar yamma ta taso daga kan duwatsu, ya ga ta ƙanƙame jikinta. Ya buɗe ledar da ya zo da ita daga Katako, ya zaro suwaita mai kauri da safa, ya durƙusa a gaban mutane yana sa mata safar.

"Wanga gari naku," inji Inna, "da wuta a ka kwana cikinai?"

Ya ɗauki ƙunshin ya saɓa a kafaɗa, suka nufi bakin titi neman Keke Napep.