Kafin Ka Sayi Alƙalamin Feshi, Fara Neman Iska

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Wani abin hutunsa dara, wani ƙwallo, wani kuwa kiwon tantabaru. Ni nawa kiwon, tun zamanin da na yi karatu a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, shi ne fentin 'yan sojojin roba waɗanda a ke wasan yaƙi da su a kan tebur. Yanzu da na ga waɗansu samarinmu a nan Ikko sun kamu da sha'awar abin, har suna aika kuɗi masu nauyi ƙasashen waje don a sayo musu kayan feshi, sai na ga ya wajaba in faɗi abin da na sani, kada gumin mutane ya tafi a banza.

Mai karatu, bari in fara da wasan kansa. Asalinsa daga hafsoshin sojan Furusiya ne, a ƙasar Jamus ta yanzu, waɗanda tun 1824 su ke koyon dabarun yaƙi a kan taswira. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya fitar da littafi mai suna Little Wars, ya mai da abin wasan farar hula. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, hedkwatarsa kuwa tana Nottingham. Kowane soja tsawonsa milimita 28 zuwa 32 ne, watau bai kai tsinken ashana ba. A kan sayar da su tsirara, ba launi, mai su ne zai harhaɗa ya fenta. Wanda ya tara runduna mai mutum hamsin ko ɗari, ga dawakai ga motocin yaƙi, in ya ce da burushi kaɗai zai yi, to, ya shirya kwanan zaune.

Nan ne alƙalamin feshi ya shigo. Wata 'yar na'ura ce mai kamar alƙalamin rubutu, a cikinta akwai allura mai tsini wadda ta toshe wata 'yar ƙofa a baki. In iska mai ƙarfi ta bi ta gefen ƙofar, aka ja allurar baya, sai ta kwashi fenti ta watsa shi kamar hazo. Duk wanda ya taɓa riƙe famfon feshin maganin sauro na da, ko ya tsaya wurin masu fentin mota, ya riga ya ga dabarar. Ba sabon abu ba ne. Charles Burdick ya kafa kamfaninsa na ƙera shi a Landan a 1893, Jens Paasche kuma ya kafa nasa a Cikago a 1904, a lokacin masu gyaran hotuna ne manyan masu saye.

To, ga inda gizo ya ke saƙar. Kusan duk sabon shiga da na sani, alƙalamin ya ke fara dubawa, don shi ne mai ƙyalli, shi a ke nunawa a talla. Ni kuwa a ganina shi ne na uku a layi. Na farko huhunka, na biyu iska, sa'an nan alƙalami.

Na ce huhu, domin akwai masu cewa tun da da ruwa a ke sirka fentin akirilik, ai ba ya cutarwa. A kan burushi haka ne. Amma da zarar an mai da shi hazo, ya zama ƙurar roba da launi, abin da bai sauka kan soja ba kuwa yana nan yana yawo a ɗakin. Sai a nemi takunkumi na sosai mai matata, irin mai lamba P2 ko P3, in kuma fentin mai tinna ne, sai mai matatar gawayi wadda ke kama tururi. A yi aiki kusa da taga, a kau da yara. Alƙalami in ya lalace a kan sayi wani, huhu kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Sai injin iska. Je ka wurin mai faci ka dubi injinsa, za ka ga yana da tanki. Ba don ado aka sa shi ba. Injin da ba tanki yana tura iska ne a guntu-guntu, kamar numfashin wanda ya yi gudu, fenti kuma haka zai riƙa fita. Mai tanki kuwa, ko da na lita 3 ne, yana tara iskar ya sake ta bai ɗaya, ya kuma kashe kansa ya huta in ya cika. A nan ƙasar yana da wani amfani na daban: in aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ɗan abin da ya rage a tankin zai ishe ka kurkure alƙalamin kafin fenti ya daskare a ciki. Lalle ne injin ya kasance da makunnin rage ƙarfin iska da agogonsa, gama yawancin aikin sojoji tsakanin awo 15 ne da 25 na ma'aunin psi. Lalle ne kuma ya kasance da 'yar kwalbar tarkon ruwa. Iskar Ikko da damina jiƙe ta ke, in inji ya matse ta sai ta zubar da ruwa a cikin tiyo, kana cikin feshi sai ka ga ɗigo ya faɗo ya ɓata aikin yini guda. Daɗin daɗawa, a dubi irin wutar da injin ke ci. Na Amurka bolt 120 ne, mu kuwa da Ingila 230, wanda bai lura ba hayaƙi zai gani. Gwangwanin iska da a ke sayarwa kuma, a bar shi. Yana sanyi in ana aiki, ƙarfinsa ya faɗi, kuɗin guda kaɗan ya isa rabin inji.

Bayan waɗannan ne za a zo ga alƙalamin, abubuwa huɗu kuwa na ke dubawa. Na ɗaya kunama. Akwai mai aiki ɗaya, wanda da ka danna iska da fenti za su fito tare. Akwai mai aiki biyu, ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo gwargwadon yadda ka ja. Mai aiki biyu ya fi wuyar koyo, amma shi ne na wannan aiki. Na biyu mazubin fenti. Mai kwalba a ƙasa na masu fentin allo ne da manyan abubuwa. Mu namu mai ɗan ƙoƙo a bisa ne, wanda ɗigo uku ko huɗu sun ishe shi, kuma ba ya bukatar iska mai ƙarfi.

Na uku faɗin baki, nan ne kuwa kwaɗayi ke ka da mutane. Kowa ya ji soja ƙanƙane ne sai ya zaci baki mafi ƙanƙanta ya dace. Na san wani saurayi da ya zuba kusan duk kuɗinsa a alƙalami mai bakin milimita 0.15, ya haɗa shi da ɗan inji marar tanki. Fentin akirilik yana da ƙwayoyi, sai ya riƙa toshewa kowane minti biyu, bayan wata guda ya ajiye kayan ya ce abin yaudara ne. Da ya tsaya tsakanin 0.3 da 0.5 da bai ga haka ba. Iwata Eclipse HP-CS na Japan bakinsa 0.35 ne, Badger Patriot 105 na Amurka kuwa 0.5, dukansu an san su da haƙuri da sabon hannu.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne wanki da kayan gyara. Allurar nan faɗuwa ɗaya ke lanƙwasa ta, bakin kuma matsi kaɗan ke tsaga shi. Kafin ka biya, tambayi ko ana samun allura da baki daban, ka sa a haɗo maka da su a ƙunshi ɗaya, don kada abin da bai kai ƙwayar gero ba ya tsai da kai wata biyu. Na kamfanin Harder & Steenbeck na Jamus da hannu a ke cire bakinsu, ba sai da sifana ba, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda zai wanke kullum. Masu arha marasa suna, ba na ce ba sa feshi ba, amma ranar da wani abu ya karye, ranar ce ƙarshensu. Araha dai ba ta ado.

A ƙungiyar da na ke zuwa a Nottingham akwai wani dattijo mai ritaya, alƙalaminsa ya tsufa har ƙyallin jikinsa ya goge, amma ba wanda ya kai shi iya aiki. Na lura da shi, ba ya zuba fenti sai ya sirka shi ya koma kamar madara, ba ya canja launi sai ya kurkure, ba ya tashi sai ya zare allura ya goge. Da na dawo gida na tarar hunturu ya ƙara mini wani darasin, gama busasshiyar iska tana daskarar da fenti a tsinin allura nan da nan, sai da ɗigon maganin jinkirta bushewa da ɗan auduga mai laima a kusa.

Kada kuma wani ya zaci zai jefar da burushi. Alƙalamin feshi na shimfiɗar farko ne, da launin riga, da hasken da a ke saukarwa daga bisa don soja ya fito kamar rana ta haska shi. Idanu da ɗamara da bakin takobi kuwa har gobe aikin burushi ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kuɗinka sun taru, fara cire na takunkumi. Abin da ya rage ka ba injin iska kaso mafi tsoka, sauran ka sayi alƙalami matsakaici da allura ta biyu. In kuɗin ba su kai ba, ci gaba da burushinka har su kai, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace, amin.