Zauren Kaka da zanen tagulla

1/ Damina ta cinye zauren kakanmu a Jiga Birni shekara uku ke nan. Aka share wurin, aka ɗora bulo da kwano. Jiya ƙanwata ta ce, "Yaya, wai ya zauren Kaka yake?" Na duba wayata, hotuna fiye da dubu, wallahi babu ko ɗaya nasa.

2/ Daren nan ina ta latse-latse sai na ci karo da tsohon zanen farfajiyar wani gidan ibada na Kirista a garin Middelburg, ƙasar Holan. Ƙofofi, tagogi, bishiyoyi, komai tsaf.

3/ Ga yadda ake yin irinsa: a shafe farantin tagulla da kaki, a zana hoton da allura, a tsoma cikin ruwan asid ya ci inda allura ta bi. Sai a cusa tawada a layukan, a danna takarda. Faranti ɗaya, kwafi da yawa.

4/ A Mayun 1940 yaƙi ya ƙone tsakiyar Middelburg, har da ginin nan. Daga baya aka sake gina shi. Amma wanda ke son ganin yadda yake a da, takardun nan suna nan.

5/ Mu fa? Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya sauka Gwandu a 1853. Ya zana Kano daga kan Dala. Amma hoton da ya fito a littafinsa na 1857, wani Bajamushe mai suna Bernatz ne ya sake zana shi don bugawa. Mutumin da bai taɓa taka Kano ba.

6/ Ka ga ke nan, ɗan abin da ya rage mana ma idon baƙo ne, hannun wani baƙon. Jiga Birni ko wannan ba ta samu ba.

7/ Ban ga laifin kawu da ya sa bulo ba, kowa na tsoron gini ya faɗo wa yara. Laifina ne. A zauren nan na yi karatun allo, da waya a hannuna na girma, ban taɓa ɗaga ta ba.

8/ Gobe zan zauna da Inna ta kwatanta min, in zana ko da biro ne. Kai kuma in akwai tsohon soro a gidanku, ɗauki hotonsa kafin ruwan bana.