Tekun Baba

A falon gidanmu da ke Kano akwai teku. Bai wuce cikin durom guda ba, lita 200, yana zaune cikin akwatin gilashi a kan teburin ƙarfe da Baba ya sa mai walda ya haɗa masa. Baƙo in ya shigo, kifayen ne ke fara ɗauke masa ido: biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, waɗanda yara ke kira Nemo, da wani ɗan ƙaramin shuɗi mai rawayar jela. Daga nan sai ya lura da abubuwan da ke lilo a kan duwatsu kamar furanni, ya tambaya ko na roba ne. Mu 'yan gida kuwa ƙasan teburin muka fi sani, inda famfuna da tiyo da wayoyi suke cunkushe, domin a nan ran tekun yake.

Shekara tara Baba ya yi a Jidda yana gyaran famfunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki. A can ya fara leƙa ƙarƙashin Bahar Maliya da tabarau irin na masu ninƙaya, abin da ya gani kuma bai sake shi ba har ya dawo gida. Ranar da ya ce wa Hajiya, kakarmu, zai yi kiwon murjani, dariya ta yi. "Kai dai ba ka rabo da jaye-jaye. Murjanin da na sani a wuyan amare yake." Gaskiyarta, jan murjanin da aka daɗe ana kawowa ƙasar Hausa ta hanyar Sahara daga Bahar Rum shi ta sani. Sai da Baba ya yi mata bayanin cewa wannan dutsen ƙashin wata 'yar dabba ne, kuma dangin dabbar da yake son kiwo suna da wata gansakuka da ke zaune cikin namansu, tana shan haske tana ciyar da su. Fitilar da ke saman tankin ke nan ba ado ba ce, tukunyar abincinsu ce.

Shekara goma sha ɗaya bai bar kowa ya sa hannu a kayan nan ba. Mu uku, Yaya da ta tsakiya da Auta, iyakarmu miƙo bokiti da goge ruwan da ya ɗiga. Da daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya daina aiki, magana ta sarƙe. Da aka sallamo shi daga asibiti ya ƙi zaman ɗaki, sai da aka ajiye masa kujera a gaban gilashin. Umma ta kawo shawarar a sayar, tunda kuɗin bokitin gishiri ɗaya ya kusa na maganinsa na wata. Ba ta rufe baki ba Baba ya bugi hannun kujera da hannunsa na hagu, sau uku. Ba a sake ɗaga maganar ba, tekun ya dawo wuyanmu.

Yadda abin yake, ruwa na malala daga babban tanki ya gangara ta bututu zuwa wani ƙaramin tanki da ke ƙasan teburin. A nan ake tace shi, sannan famfo ya sake tura shi sama. A satinmu na farko Yaya ya lura da wata 'yar huda a jikin bututun da ke mayar da ruwan, dab da saman ruwa, tana ta tsartuwa. Muka ce tsufa ne ya ci robar, ya kawo gam ya liƙe ta. Baba ya yi ta ɗaga hannu yana wani sauti daga maƙogwaro. Muka ɗauka ƙishirwa yake ji, muka kawo masa ruwa a kofi.

Cikin dare aka ɗauke wuta. Da famfon ya tsaya, bututun ya koma kamar tiyon da ake zuƙo mai da shi daga tankin mota. Ya yi ta janyo ruwan sama yana juyewa a ƙasa har ƙaramin tankin ya cika ya tumbatsa. Da asuba ƙafar Umma ce ta fara sanar da mu, dardumar falo ta sha ruwan gishiri sharkaf. Ashe hudar nan ita ce mai gadi. Da zarar ruwa ya ɗan sauka sai ta shaƙi iska, zuƙar ta katse.

Muna neman abin da za mu sake huda bututun da shi muka ci karo da littattafan Baba a cikin durowa, irin na 'yan makaranta masu layi, guda shida. A cikin na farko ya rubuta: "Ruwa ya cika falo. Na huda bututu. A riƙa tsokane hudar da tsinke duk sati, gishiri na toshe ta." Muka zauna a kan jiƙaƙƙiyar darduma muna bin shafukan. Duk wani abin da muke gani kamar shirme a ƙasan teburin nan yana da ranarsa da dalilinsa. Wayoyin da ya bari suka lanƙwasa ƙasa kafin su hau soket, don ruwan da ya bi waya ya ɗiga a ƙasa ne kada ya shiga wuta. Soket ɗin da ya kafa can sama, shi ya hana ambaliyarmu ta zama gobara. Farin yadin da yake rufa wa tankin da hunturu, na ƙura ne. A shafi guda ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, ko da kan famfo ne, domin ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Shi ma sai da ya yi asara ya sani.

Kuskurenmu na biyu a hankali ya zo. Kullum ruwa na raguwa, mu kuma kullum muna cikawa da ruwan gishirin da ya bari a jarka. A ganinmu tankin ruwan gishiri ai ruwan gishiri yake so. Bayan sati biyu murjanin suka tsuke, suka ƙi buɗewa. Auta ne, yana kallon Umma tana ƙara ruwa a miyar da ta daɗe a wuta, ya ce, "Umma, ai ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan, ko?" Muka ɗauko ma'aunin Baba, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ciki. Inda ya kamata ya nuna 1.025, ya haura 1.030. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, wato wajen kilo bakwai ke nan a tankinmu, kuma bai kamata adadin ya motsa ba. Abin da rana ta sha, da tsurar ruwa ake mayarwa, wanda ya bi ta matata, ba kai tsaye daga rijiyar burtsatse ba. Kwana biyar muka yi muna saukar da gishirin kaɗan-kaɗan, don sauyin gaggawa ya fi kuskuren kansa illa.

Daga nan Asabar ta zama ranar teku. Mu zubar da lita 20, mu zuba sabon haɗi da aka kwana ana motsawa. Gishirin ba na miya ba ne, daga Legas ake aiko mana shi, yana haɗe da kalsiyam da sauran sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su. Mu wanke kofin injin kumfa, wanda ke kaɗa ruwa da iska har dattin ya hau kan kumfar, kamar yadda igiya ke yi a bakin gaɓa. Warinsa ya sa muke jefa ƙuri'a a kan wanda zai wanke. Duk wata kuma mu kwance famfunan, mu jiƙa su a ruwan khal ya narkar da farin allin da ya kama su, mu goge da tsohon buroshin haƙori. Kunnenmu har ya koyi muryar kowane famfo, in ta canza mun san wani abu ya maƙale.

Sai bazara ta shigo. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, murjani kuwa tsakanin 25 da 27 yake so. In ruwa ya daɗe da zafi fiye da ƙima, sai ya fitar da gansakukar da ke ciyar da shi ya yi fari fat, abin da ya sami babban yankin murjanin Ostireliya a 2016 da 2017. Injin sanyaya ruwa ya fi ƙarfin aljihun Baba da wutar unguwarmu, don haka ya ciro fankoki biyu daga matattun kwamfutoci, ya ɗaure su a katako suna hura saman ruwa. Dabarar randa ce: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi, busasshiyar iskarmu kuma na taimakawa. Da ita Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Fankokin da ƙaramin famfon da ke kaɗa ruwa a cikin tanki duk a kan batir ɗaya Baba ya ɗora su, don ko ba wuta su ci gaba da aiki.

Batirin nan shi ne abin da muka manta. Yana can bayan kujera, ba ya jiƙa, ba ya wari, ba ya ƙara. A littafi an rubuta a gwada shi duk wata, mu kuma muka tsallake layin. Taransifomar layinmu ta lalace, a dare na biyu wajen ƙarfe biyu batirin ya mutu. Janareto ya ƙi tashi. Shirun ne ya tashi Umma, shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa jin falon ya yi tsit haka ba.

Da muka haska tocila, kifayen na sama suna haki. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, na gishiri ma ya fi gazawa, ga dubban ƙananan halittu a cikin duwatsun su ma suna sha. Abin da ya rage mana shi ne hannu. Mu ɗebi ruwa a jug, mu ɗaga sama, mu kwararo shi ya faɗo da kumfa, mu sake. Auta ya buga ƙofar maƙwabcinmu mai firjin sola, ya dawo da gorunan ƙanƙara, muka jefa su a rufe don kada su narke su surka ruwan. Yaya na can gidansa a wata unguwa, wayarsa a kashe. Muka yi ta karɓa-karɓa, kafaɗa na zafi, gumi na ɗiga. Ba mu san lokacin da Umma ta tallabo Baba ta zaunar da shi ba. Sai ji muka yi yana buga hannun kujera a hankali, bugu ɗaya ɗiba, bugu ɗaya zubawa. In muka yi sauri ya rage, in muka yi sanyi ya ƙara. Haka muka bi shi har aka kira sallah.

Bayan asuba Yaya ya iso, ya ciro batirin motarsa ya jona. Fankoki suka juya. Amma shuɗin kifin ya riga ya kwanta a ƙasa, jatan landen ma haka. Cikin kwanakin da suka biyo baya, murjanin nan mai rassa, wanda Baba ya raina tun yana kamar ɗan yatsa har ya kai tafin hannu biyu, ya yi fari. Baba ya daɗe yana kallonsa. Bai buga kujera ba, bai kalle mu ba. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

A daren nan mun tambayi juna abin da Umma ta daɗe tana tambaya: me ya kawo halittar teku garin da ke da nisan kusan kilomita dubu daga gaɓa? Abin da teku ke yi da igiya da iska da faɗinsa, mu da injuna shida muke kwaikwayonsa a cikin durom guda, kuma batir ɗaya ya isa ya rushe komai. Muka yanke cewa ba za mu ƙara sayen ko kifi ɗaya ba. Waɗanda ke hannunmu kuwa amana ce, ba su suka kawo kansu ba.

Muka haɗa kuɗi muka sayi faifan sola ƙarami da batir na biyu. Mai gyaran rediyon bakin layinmu ya haɗa mana wata 'yar ƙararrawa da ke ihu in ƙarfin batir ya sauka. Muka ƙara da ɗan injin hura iska mai aiki da batirin tocila, wanda ke tashi da kansa in wuta ta ɗauke. Ta tsakiyarmu ta buɗe littafi na shida, a ƙasan rubutun Baba na ƙarshe ta sa kwanan wata, ta rubuta abin da ya faru ba tare da rage laifinmu ba, da abin da muka ƙara da dalilinsa. Ta karanta masa. Ya miƙo hannun hagu, ta ba shi biro, ya ja layi a karkace ƙarƙashin kalmar "batir".

Wajen wata biyu bayan haka, launin ƙasa-ƙasa ya fara dawowa gindin murjanin. Rabinsa na sama bai farfaɗo ba, gansakuka ta rufe shi. Yaya ya so ya karye mataccen ɓangaren, Baba ya girgiza kai, muka bar shi yadda yake.

Jiya Asabar ce. Mun canza ruwa, mun gwada batiran biyu, Auta ya faɗi ƙuri'a ya wanke kofin kumfa yana toshe hanci. Muna tattara bokitai muka ji bugu ɗaya a hannun kujera. Baba ne, yana riƙe da tsinken sakace, yana nuna bututun da shi. Auta ya karɓa, ya naɗe hannun riga, ya tsokane hudar.