Sa Ɗaya Ba Ya Jan Garma



Da yawanmu a nan Rano da Kibiya ta hanyar finafinan Indiya muka fara jin sunan Mathias Boe. A watan Maris na 2024 ne labari ya bazu cewa jaruma Taapsee Pannu ta auri wani Bature ɗan ƙasar Danmak. Da muka bi sawun angon, sai muka tarar tsohon ɗan wasan badmintin ne, kuma a duk inda aka rubuta sunansa akwai wani suna manne da shi: Carsten Mogensen. Labarin waɗannan mutum biyu muka kawo muku yau, domin mun ga wani abu a cikinsa da duk ɗan manomi zai gane.

Ga wanda bai san wasan ba, ana yin sa ne a fili mai tsawon mita 13.4 da faɗin mita 6.1, da raga a tsakiya. Ƙwallon ba na fata ba ne, gashin tsuntsu ne guda 16 aka dasa a kan ɗan toshi, nauyinsa wajen giram biyar. Wanda ya fara kai maki 21 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye biyu cikin uku ya yi nasara. Ana buga shi mutum ɗaya da ɗaya, ana kuma buga shi bibiyu. Boe, haifaffen 1980, da Mogensen, haifaffen 1983, 'yan bibiyu ne.

A wasan bibiyu ƙarfin hannu kaɗai ba ya wadatarwa. Idan kuna kai hari, ɗaya yana gaba kusa da raga, ɗaya yana baya yana sauke duka. Idan aka juyo muku da harin, sai ku rabu dama da hagu ku tsare gida. Wannan canji yana faruwa sau da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, babu lokacin cewa “naka ne” ko “bar mini”. Abokan hamayya kuwa tsakiyarku suke nema, don sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuka kai hannu tare, kun yi karo. In kowa ya bar wa ɗan uwansa, ƙwallo ya faɗi ƙasa. Boe bahago ne, Mogensen kuma da dama yake bugu, saboda haka sai da kowannensu ya haddace inda hannun ɗayan yake kaiwa da inda ba ya kaiwa.

Mu da muka tashi muna bin bayan shanun huɗa mun san wannan. Ba a ɗauko kowane sa biyu a ɗaura musu karkiya a ce su ja garma. Sai an hore su tare, kowanne ya saba da gefensa, takunsu ya zo ɗaya. In ɗaya ya fi sauri, kunya ta karkace. Shi ya sa manomin da sansa ɗaya ya kwanta ciwo a farkon damina yake shiga tashin hankali, ko da maƙwabci ya ba shi aron wani. Ƙarfin na aro yana iya fin na gida, amma bai san takun abokin aikinsa ba.

Kusan shekara goma sha biyar Boe da Mogensen suka yi a karkiya ɗaya. A lokacin ƙasarsu ba ta kai mutum miliyan shida ba, wato ko jihar Kano ba ta kai ba, kuma wasan yana hannun ƙasashen Asiya ne: Sin, Indonesiya, Koriya ta Kudu da Maleshiya. Duk da haka, a 2010 suka hau matsayi na ɗaya a duniya. Suka ci gasar All England, wadda ake yi a Birmingham ta Ingila, a 2011 da kuma 2015. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 suka fitar da Chung Jae-sung da Lee Yong-dae na Koriya a wasan kusa da na ƙarshe, sannan Cai Yun da Fu Haifeng na Sin suka doke su a na ƙarshe, suka koma gida da lambar azurfa. A gasar duniya ta 2013 ma azurfa suka samu, a ta 2014 tagulla. Zinaren waɗannan gasa biyu dai bai taɓa shiga hannunsu ba.

Sai ga jarrabawa. A watan Fabrairu na 2016, tawagar Danmak tana birnin Kazan na Rasha wajen gasar ƙasashen Turai, ciwo ya kayar da Mogensen. Jijiyar jini ce ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa, aka yi masa tiyatar gaggawa. A lokacin ba ta wasa ake yi ba, ta rai ake yi. Gasar Olamfik ta Rio saura wata shida, Boe kuma yana da shekara 35, shekarun da ɗan wasa ba shi da tabbacin sake ganin wata dama.

A watan Mayu Danmak ta je Kunshan ta ƙasar Sin ta ci Kofin Thomas, kofin duniya na tawagogin maza, ta doke Indonesiya da ci 3 da 2. Ita ce ƙasar Turai ta farko da ta taɓa ɗaukarsa. Mogensen yana gida yana jinya, aka haɗa Boe da Mads Conrad-Petersen. A wasan ƙarshen, maki ukun nan duk daga 'yan ɗai-ɗai suka fito. 'Yan bibiyun kuwa sun faɗi nasu wasannin.

A tsakiyar shekarar Mogensen ya dawo fili, Boe kuma ya koma gefensa. Suka je Rio a watan Agusta, aka fitar da su tun a zagayen rukuni. Mai kallon sakamako kaɗai zai ce jiran bai biya ba. Amma a watan Oktoba suka ci babbar gasar Faransa a Paris, a 2017 kuma suka ɗauki kofin Turai, suka ci gasar Singafo da ta Koriya. Mutumin da aka buɗe wa kai a Fabrairu shi ne yake tsalle yana sauke duka kafin shekara ta zagayo.

Wannan wuri ne ya fi tsaya mana a rai, domin muna ganin irinsa a tsakaninmu. Mutum biyu sun haɗa jari suna sayen dawa da waken suya a kasuwannin ƙauye, ko wa da ƙane suna noma gandu ɗaya, sai ciwo ko karayar jari ta kama ɗaya. Nan take masu ba da shawara za su taso: “Ka nemi wani, lokaci ba ya jira.” Ba ƙarya suka yi ba, damina ba ta jiran kowa, kuma Boe ma bai naɗe hannu ba, ya yi aiki da wanda aka ba shi. Abin da bai yi ba shi ne cike gurbin. Wurin Mogensen yana nan har ya tashi. Shekarun da aka ɗauka ana koyon takun juna dukiya ce, kuma ba a sayar da ita a kasuwa.

Gaskiya ce kuma cewa karkiya ba ta dawwama. A 2019 suka rabu, a 2020 kowannensu ya ajiye wasa. Boe ya koma koyarwa, ya karɓi matasan Indiya biyu, Satwiksairaj Rankireddy da Chirag Shetty. Da su Indiya ta ci Kofin Thomas karo na farko a 2022, a 2023 kuma suka zama na ɗaya a duniya. Abin da ya koya a gefen Mogensen shi ya damƙa wa wasu biyun.

Kafin mu saki hannun abokin tafiya don ya yi rauni, mu zauna mu lissafa shekara nawa muka kashe kafin takunmu ya zo ɗaya, da shekara nawa za mu sake kashewa da sabo. Wanda kuma yake kwance yau, Allah ya ba shi lafiya, ya sa ya tarar da wurinsa ba a ba wa wani ba.

Sai mun ji daga gare ku.