Elmina da Hanyar Gwanja

A shekarar 1482 Turawan Fotugal suka kafa ganuwar Elmina a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Gana a yau. Zinariya ce ta kawo su, shi ya sa suka raɗa wa wurin suna Mina, wato mahaƙa. Daga baya fataucin bayi ya shafe na zinariya, ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkuku. A 1637 'yan Holan suka girke igwa a kan tudun da ke fuskantar ganuwar, suka ƙwace ta, suka riƙe har 1872 da suka miƙa wa Ingila.

Wannan duka na sha karantar da ɗalibai. Abin da littafi bai ba ni ba, sai da na je da ƙafata, shi ne warin ɗakin da aka tsare mata. Wani irin bashi ne mai danshi da ya kama bango, shekaru fiye da 200 bai saki ba. A saman ɗakin gwamna yake kwana, iskar teku na kaɗa shi. A tsakar gida kuma ga majami'ar da 'yan Fotugal suka gina. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuwa, sai mutum ya karkace kafaɗa zai wuce.

A ayarinmu akwai baƙaƙen fata 'yan Amurka. Wata dattijuwa ta dafa bango tana kuka ba sauti. Ni kuwa na tsaya gefe kamar ɗan rakiyar makoki, sai tunanin Gwanja ya faɗo mini. Tun muna yara muke jin labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, ana ba mu shi a matsayin labarin jarumta. Ba a cika faɗa mana cewa kasuwar Salaga, inda ayarin ke sauka, ta bayi ce kamar yadda take ta goro ba. Bayan Asante sun rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, har da bayi ake biyansu gaisuwa, wasunsu kuma gaɓar teku aka gangara da su. Ko bayan Holan ta hana cinikin a 1814, daga 1831 ta riƙa ɗibar maza a Elmina, da yawansu bayin arewa da ta fansa, tana kai su aikin soja Jaba, a Indunusiya ta yau.

Ban ce laifin mai jirgi da na mai ayari ɗaya ba ne. Amma manhajarmu ta tarihi tana tsayawa a goro, ɗalibaina kuma suna ɗaukar Elmina a matsayin lamarin Turawa da mutanen kudu. A ganina wannan rabin labari ne.

Da muka fito, masunta na ta jan taru a bakin ruwan Benya, kwale-kwale jere da tutoci kala-kala. Wani yaro ya tare ni da katantanwar teku, yana so ya rubuta sunana a kai na biya. Da ya ji ina magana a waya, sai ya gaishe ni da Hausar Zango.